Assunta Ta Samu Takwara a Highbridge

Duk wanda ya zauna a benenmu na unguwar Highbridge ya san Mma Muniratu tun kafin ya ga fuskarta. Daga ƙasa ake jiyo ta, tana faɗa da liftar da ta lalace, ko da mai gidan haya, ko da yaran da suka bar bawon lemo a kan matakala. Yayar mahaifiyarmu ce. A Aboabo ta Kumasi aka haife ta, gidan masu fataucin goro, kuma a bakin tasha ta yi ƙuruciyarta tana sayar da wake da shinkafa da miyar shito mai yajin da direbobi suke ci suna share hawaye. Mijinta ya rasu ya bar mata yaro guda, Gafaru. Da hanyar Amurka ta samu sai ta danƙa yaron a hannun mahaifiyarta, Hajiya Rafia, ta ce shekara biyu za ta yi ta dawo. Sai da gemu ya fara fito masa sannan ta iya ɗauko shi.

Aikinta a nan kula da tsofaffi ne a gidajensu: wanka, girki, magani, juya mara lafiya a kan gado. Kamfanin da take yi wa aiki ya san halinta, saboda haka duk gidan da ma'aikata suka gudu, ita ake turawa. Haka aka tura ta unguwar Morris Park, wani gidan jan bulo mai itacen ɓaure a bayansa, wurin wata tsohuwa 'yar Italiya mai suna Assunta. Ƙugun tsohuwar ya karye, tana kan keken marasa lafiya, amma bakinta lafiyarsa ƙalau. Ta riga ta kori mata da yawa.

Ranar farko aka kusa rabuwa. Mma Muniratu ta ɗora ruwa, ta ɗauko taliya ta kakkarya ta gida biyu kafin ta zuba, kamar yadda kowa yake yi a Zangon Kumasi. Tsohuwar ta yi wani ihu daga ƙofar kicin kamar an karya hannun jariri.

"Kin kashe ta. A wane daji aka koya miki girki?"

"Cikinki yana da ma'auni ne, zai auna tsawonta?" in ji Mma Muniratu. "Ki ci ko ki kwana da yunwa. Ni bas ɗina ba ya jira."

Turancin kowacce a karye yake, amma zagi bai taɓa ɓacewa a hanya tsakaninsu ba. Tsohuwar ta ci, tana ci tana tsinuwa da yarensu. Da 'yarta Loretta ta bugo waya tana tambaya ko a canza wannan ma, sai ta ce, "Bar min ita. Wannan tana ramawa."

A shekara ta biyu Hajiya Rafia ta rasu a Kumasi. Da hantsi aka bugo, Mma Muniratu tana tsakiyar taje wa tsohuwar kai. Takardunta ba su fito ba a lokacin, in ta fita ƙasar ba dawowa. Ta yi salati, ta mayar da wayar aljihu, ta ci gaba da taje kan. Sai da ruwa ya ɗiga a wuyan Assunta sannan ta juyo ta tambaya.

Washegari da Mma Muniratu ta iso, ta tarar da tsohuwar ta ja jiki da kanta har gaban akwati, ta zaro baƙar rigar da ta yi takabar mijinta da ita, da baƙar safa, da baƙin ɗankwali. An kashe talabijin. Loretta ta zo da yamma ta tsaya turus.

"Ma, wa ya mutu?"

"Uwar Muni."

"To, Allah Ya ji ƙanta. Amma ke mene ne naki?"

"A gidan nan aka yi rashin. Rage muryarki."

Tsohuwar ba ta cire baƙin nan ba sai da aka yi addu'ar arba'in a Kumasi. Mma Muniratu ba ta yi godiya ba, ba ta iya irin wannan maganar ba. Abin da ta yi shi ne, daga ranar ba ta sake cewa "Mis Assunta" ba. Sai "Mma". A gidanmu ba a kiran sunan uwa. Ko maƙwabciya ce ta ci sunan mahaifiyarka, lakabi za ka nemo mata. Ta ba tsohuwar abu mafi girma da take da shi, kuma ba ta ga dalilin yin bayani ba, don a ganinta abin a fili yake.

Labarin sunan kuwa ta ji shi har ta haddace, domin duk ranar sha biyar ga Agusta sai an maimaita. Ranar tsohuwar takan sa a yi mata kwalliya, a tura ta har ƙofar coci, Mma Muniratu ta zauna a kan dakali a waje tana jan carbi har a tashi. A hanyar dawowa ake fara karatun. Assunta, in ji ta, daga tsohon yaren Latin ya fito, ma'anarsa wadda aka ɗauka aka ɗaga sama. 'Yan Katolika sun yi imani cewa da kwanan Maryam uwar Annabi Isa ya ƙare a duniya, ba a bar ta a ƙasa ba, an ɗauke ta zuwa sama da jikinta da ranta. Ranar nan ce bikin, kuma saboda ita ake sa wa 'ya'ya mata sunan. A ƙauyensu da ke kan dutse a kudancin Italiya, ka tsaya a dandali ka ce Assunta, mata biyar za su leƙo ta taga. Ana ce wa wata Assuntina, wata Sunta, wata Tina, don a bambance. Kuma doka ce da ba a rubuta ba: 'yar fari ta ci sunan uwar uba, ta biyu ta ci na uwar uwa. Ita kanta sunan kakarta ta ci, kakar ma haka.

A daidai nan muryarta takan canza.

"Ɗana ya haifi mace. Ya bugo daga New Jersey ya ce sunan ya tsufa, za a yi wa yarinya dariya a makaranta. Loretta ta haifi mace ta sa mata Kayla. Muni, Kayla sunan mutum ne ko sunan sabulu? Na haye teku da sunan nan, zai mutu a kan keken nan."

Mma Muniratu takan ji abin har cikin ƙashinta. A ce mace ta haifi 'ya'ya biyu, ta ga jikoki, a rasa mai yi mata takwara? A Zango ko ba ka son uwarka, kunyar mutane za ta sa ka yi. Duk zuwan da Loretta za ta yi, da ƙyar take amsa mata gaisuwa.

A asibiti ta yi alkawarin, a ciwon ƙarshe, da rana tsaka, Loretta tana tsaye a bakin taga. Ba wanda ya roƙe ta. Tana shafa wa tsohuwar mai a ƙafa ta ce, "Mma, Gafaru ya yi aure. In Allah Ya kawo mace, takwararki ce."

Tsohuwar ta buɗe ido ɗaya. "Mutanenki za su yarda?"

"Wa ya tambaye su?"

Bayan rasuwar aka sayar da gidan, sababbin masu shi suka sare ɓauren suka yi wurin ajiye mota. Mma Muniratu ta koma wasu gidajen, ta ci gaba da faɗa da wasu tsofaffin, amma ba ta sake ce wa kowa Mma ba.

Shekara ta zagayo, ta sake zagayowa, Zalika matar Gafaru ta haifi mace. Ranar da aka dawo daga asibiti Mma Muniratu ta tare ɗanta a kicin, ya shigo daga tuƙin tasi ko takalmi bai cire ba, ta faɗa masa. Da hannu ta nuna hoton tsohuwar da ke manne a jikin firij, don bakinta ba zai furta ba.

Gafaru ya yi dariya, ya zaci wasa ne. Da ya ga fuskarta sai ya ajiye mukullin mota.

"Mma, yarinyar nan Rafia ce. Tun tana ciki na faɗa."

"Uwata tana da takwara huɗu a Kumasi, ɗaya a Accra. Waccan ba ta da ko ɗaya a duk duniya."

"To laifin wa? Tana da 'ya'yanta." Ya zaro waya ya daddanna, ya miƙo mata. "Ga shi nan. Sunan coci ne. Ki ce in tsaya a gaban jama'a in raɗa wa 'yata sunan coci?"

"Ka kawar min da abin nan daga fuska. Na san ma'anarsa tun kana Kumasi kana yaga wando."

"Ina Kumasi, e. Wa ya ɗinke wandon? Hajiya ce ta goye ni, ita ta kwana da ni ranar da aka yi min kaciya, ita ta bi ni makaranta da sanda. Ke kina nan kina wanke wa Baturiya gado. Yanzu kuma Baturiyar ce za ta ƙwace sunan Hajiya?"

Zalika ta ce daga ɗaki ta ji maganar, har ta rungume jaririyar. Mma Muniratu ba ta mare shi ba, ko da yake hannunta ya tashi.

"Gadon nan da na wanke shi ya kawo ka ƙasar nan," in ji ta. "Ranar da uwata ta mutu, 'yan Zangon nan sun zo sun ci shinkafa sun tafi. Matar nan, wadda ba ta san inda Kumasi take ba, ita ta sa baƙi ta zauna da ni. Na yi mata alkawari tana kan gadon mutuwa. In ka sa na yi ƙarya ga matacciya, ka yi sunanka, amma ka nemo wata uwar ta zauna maka a ciki."

Kwanakin da suka rage kafin suna ba ta ci abincin gidan ba. Magana ta kai ga Malam Inusah, limamin masallacinmu da ke ƙasan wani shago. Ya kira su biyun bayan La'asar, ya sa aka maimaita masa ma'anar sunan. Ya daɗe yana murza gemu.

"Hajiya, mu a littattafanmu ba mu ga an ɗaga Nana Maryam sama ba."

"Malam, ni ba littafi na zo gyarawa ba. Mutum na zo yi wa takwara. Uwar Zalika sunanta Abena. A wane littafin aka gani? Ko don ita tana kawo wa masallaci koko da azumi?"

Malam ya danne dariyarsa da tari. Ya ce tunda dai asalin sunan saboda Nana Maryam aka yi shi, a sa Maryam a gaba, ɗayan ya biyo. Mma Muniratu ta ce ta yarda da sharaɗi guda: a faɗi duka biyun a kunnen yarinya, a faɗe su a kan rago, a faɗe su a gaban mutane. Gafaru ya tashi ya ɗauki takalmansa.

Aka yi suna. Da aka sanar, Maryam Assunta, ɗakin mata ya ɗauki ƙus-ƙus. Wata ta ce Muniratu ta daɗe a gidan Turawa har ta fara narkewa. Mma Muniratu ta ji, ta ɗauke kwanon naman da ke gaban matar ta kai gaban wata. Can wata dattijuwa ta tambaya, to me za a riƙa kiran yarinyar, tunda takwarar uwar Muniratu ce? Gafaru ne ya amsa daga bakin ƙofa, da sauri.

"Maama. Ai ba ma iya kiran sunan uwar Mma a gabanta."

Mma Muniratu ta ji daɗi har ta yafe masa rabin maganar kicin. Ta ga ɗanta ya girmama tsohuwar, ya ɗauke ta kaka. Kowa ya kama Maama, ita ma ta kama.

Ta sanar da Loretta tun ranar haihuwa, amma Loretta ba ta zo suna ba. Sai da yarinyar ta fara tsayuwa da kujera, ranar sha biyar ga Agusta, aka ji ana ƙwanƙwasa ƙofa. Loretta ce, tana haki saboda matakala, da kwalin biskit da wata 'yar farar riga a leda. Daga coci take. Ta tsufa ƙwarai. Ta durƙusa a gaban yarinyar, ta buɗe hannuwa.

"Assunta. Assuntina, zo."

Yarinyar ko waiwaye ba ta yi ba, tana ta cizon murfin roba. Loretta ta sake kira, ta sake. Zalika, don ta taimaka, ta ce, "Maama, ga baƙuwa." Nan take yarinyar ta juyo tana dariya.

Loretta ta miƙe a hankali. "Me kika ce mata?"

"Maama. Haka muke kiranta."

"Ba ta san sunan ba." Ta juya ga Mma Muniratu. "Kin bugo min kin ce kin cika alkawari. Na yi kuka a mota. Ashe ɓoye shi kuka yi, kamar abin kunya."

"Ke, a gidana kike. An yanka rago a kan sunan nan. Na kusa rasa ɗana a kan sunan nan. Ke da kika fito daga cikinta me kika yi? Sabulu kika sa wa taki."

"Na sani. Ba sai kin tuna min ba, kullum ina tunawa. Amma ke ma kin ƙi shi. Kin daina kiranta da shi tun tana da rai, kina tsammani ba ta lura ba? Ta faɗa min ba sau ɗaya ba. Ta ce Babanku ya mutu, ku kuna ce min Ma, likitoci suna kirana da sunan mijina, Muni kaɗai ta rage mai kiran sunana, ita ma ta bari. Ta ce don sunan Kirista ne, addininki ya hana. Ta ce kada in yi miki magana, kada ki ji nauyi ki bar aikin."

Mma Muniratu ta nemi kujera ta zauna. Gafaru ya fito daga ɗaki ya jingina da bango.

"Addini," ta ce daga baya. "Ni da nake tura ta har ƙofar coci." Ta dubi Loretta. "Mu ba ma kiran sunan uwa. Wanda ya fi kowa a wurinka, shi ne ba ka kama sunansa. Ranar da ta sa baƙi saboda uwata, ranar ta zama uwata. Shi ke nan. Shi ke nan abin da ya faru."

"Ba ki faɗa mata ba."

"Ba ta tambaya ba. Matar da take tambayata dalilin da na sa albasa kafin tafarnuwa, wannan ne ta ga ya dace ta haɗiye? Ta tafi kabari da shi?" Ta buga hannu a cinya. "Ku Turawa komai sai an faɗa muku da baki, sannan wanda ya kamata ku tambaya ku yi shiru."

"A wurinmu in ana son mutum, kiran sunansa ake yi," in ji Loretta. "Ana kira daga taga har unguwa ta ji. Abin da take so ke nan, ta san za a ci gaba da kiransa. To ga yarinyar. Kira ta."

Mma Muniratu ta dubi jikarta. Ta buɗe baki. Zalika ta ce ta ga maƙogwaronta yana motsi, ta ga ta tattaro numfashi kamar mai shirin ɗaga tukunyar biki. Ba abin da ya fito. Ta rufe bakin, ta goge shi da bakin mayafi.

"Ba zai fita ba. Ko za a yanka ni." Sai ta nuna Loretta da yatsa. "Ke bakinki ba shi da wannan nauyin. Jariri ba ya koyon suna da kira ɗaya a shekara. Duk Lahadi in kin fito daga cocin nan naku, ki hawo benen nan ki kira ta. Lifta ta gyaru ko ba ta gyaru ba."

"Daga can Yonkers nake zuwa, Muni, da nisa."

"Ni daga Kumasi na zo."

Loretta ta ajiye kwalin biskit ɗin a kan tebur, ba ta ce a'a ba.

Sannan Mma Muniratu ta juya ga ɗanta, a hankali, kamar yanzu ta fara ganinsa tun ranar suna.

"Kai kuma. Ni uwata ce, shi ya sa. Kai mece ce taka? Ta goye ka? Ta taɓa ganinka ma?"

"Uwar uwata ai kakata ce, Mma."

"Rufe min baki. Ranar suna wa ya yi tsalle ya ce Maama tun ba a gama tambaya ba? Na ɗauka ladabi ne. Ashe rami ka samu ka binne sunan, ka sa ni na zuba ƙasar da hannuna."

Gafaru ya sunkuyar da kai. Bai musa ba. "Ni Rafia na so," ya ce. "Har gobe ita nake so."

"Allah Ya kawo ta biyu, ka sa, ni zan sayi ragon. Amma wannan, daga yau ba mai ce mata Maama a gidan nan sai ni. Kai da matarka da duk wanda ya shigo, da sunanta za ku kira ta. Fara."

"Yanzu?"

"Da sai an sake yanka wani ragon?"

Ya dubi Zalika, ta kawar da kai. Ya dubi Loretta, tana goge ido da bayan hannu. Ya tsuguna a gaban 'yarsa, ya faɗi sunan can ƙasan maƙoshi, a gurguje. Yarinyar ta ci gaba da cizon murfinta.

"Ba ta ji ba," in ji Mma Muniratu. "Ɗaga murya."